Tukwici

Shekara shida na yi a bayan kanta
cikin jirgin da ya fi unguwarmu tsawo,
hawa goma sha biyu, igiyar ruwa ba ta ko girgiza shi.
Farar riga, baƙin wando, suna a ƙirji.
Sun rubuta Gado daidai,
amma ba bakin da ya taɓa kiransa daidai.

Ina yanka lemon tsami, ina fasa ƙanƙara,
ina zuba wa mutane abin da ban taɓa kai wa baki ba.
Albashi gishirin miya ne, ɗan barbaɗe.
Abin da ke riƙe mu
shi ne abin da hannu ya bari ƙarƙashin kofi,
a naɗe, a jiƙe.

Can na koyi karatun hannaye.
Akwai mai ɗaga takardar sama sai matarsa ta gani.
Akwai mai ƙirga ta kamar ƙwayar magani.
Akwai wata tsohuwa, ruwan zafi kawai take sha,
kujera ta uku, kullum bayan la'asar,
ta turo sulalla biyu, ta ce in faɗi sunan kogin garinmu.
In ce Kwara.
Gobe ta manta, ta sake tambaya, ta sake biya.
Akwai wanda na yi wa dariya kwana bakwai,
ranar sauka ya wuce ni kamar turken ɗaure jirgi.

Murmushi ma dako ne.
Da dare muƙamuƙina kan yi tsami.

Takardun sun iso gida.
Sun zama kwanon rufi a ɗakin Inna,
sun zama inji a gindin jirgin Baba,
wanda bai taɓa tambayata ba sai sau ɗaya,
bayan asuba, yana ɗinkin koma, bai ko ɗago ba:
"Kuɗɗin ga, na hidima na, ko na abin da ac cikin kofi?"
Na ce na gajiya ne.
Ya ja zare da haƙori.
Har yau ban san ko ya karɓi amsar ba.

Sulallan kuwa ba mai so.
Na kai su Birnin Kebbi,
ɗan canji ya juya su a tafi, ya maido mini.
Suna nan a gwangwanin madara,
kawunan sarakunan da ban sani ba,
suna dusashewa tare.

Jiya na shiga kwalekwale daga Yelwa zuwa tsallake.
Buhunan albasa, babur biyu, akuya mai ƙorafi.
Wani yaro, Nomau, yana kwashe ruwa da rabin jarka,
tsakanin kwasa da kwasa
yana miƙa wa fasinja ƙullin zoɓo.
Ya san mai son na citta,
ya san wanda zai ce ba canji,
yana dariya ga zancen da ba abin dariya a ciki.
Na gane dariyar nan.
Na sa ta shekara shida, kamar farar rigar.

Ƙulli ɗaya naira ɗari.
Na ba shi ɗari biyar, na ce riƙe.
Ya dubi kuɗin, ya dube ni.
"Aike za ni yi maka?"
Na ce a'a.
"To na mine ne?"

Na buɗe baki.
Duk abin da na karɓa a kan teku,
ban taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba.
Injin ya mutu, hancin jirgi ya daki yashi,
akuya ta riga kowa fita.

Na hau gangare, na kusa wurin masu babur,
sai ga gudu a bayana, ƙafa duk laka.
"Malam, ka mance kayanka."
Ya danƙa mini ƙulli huɗu, ya juya,
ruwa na jiransa a cikin jirgi.

Na tsaya da sanyi cike da hannu biyu,
ja yana ɗiga a kan takalmin
da na saya a wata tasha
da na manta sunanta.